Tambaya da Amsa: Wace Unguwa ce ta Dace da Matashin Mai Zane a Legas?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta fannin zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, na kuma gama bautar ƙasa. Ina so in koma Legas saboda can ne kasuwar zane take. Ba ni da mota, kuma kuɗin da na tara ba su taka kara sun karya ba. Wasu abokaina sun ce in nemi ɗaki a Ajah don in kasance ɓangaren masu sayen zane, wasu kuma sun ce in sauka Agege cikin 'yan'uwa. Wace unguwa ce zan iya biyan hayarta, in kuma riƙa biyan yawancin buƙatuna da ƙafa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sa albarka a cikin wannan niyya. Shawarata ita ce ka nemi masauki kusa da inda ake yin aikin zane, ba kusa da inda ake sayar da shi ba, kuma a Legas wannan yana nufin yankin da ya taso daga Ebute Metta, ya ratsa Yaba, ya kai Fadeyi da Onipanu da Shomolu.

Gaskiya ne cewa manyan gidajen baje kolin zane suna ɓangaren tsibiri. Nike Art Gallery yana Lekki, Terra Kulture yana Victoria Island, Omenka yana Ikoyi, kuma bikin Art X Lagos, wanda aka fara a 2016, a Victoria Island ake yin sa cikin watan Nuwamba. To amma waɗannan wurare ne da mai zane yake zuwa jefi-jefi, ran buɗe baje koli ko ran kai aiki. Abin da yake buƙata kullum daban ne: mai sayar da fenti da buroshi, kafintan da zai haɗa masa katakon da ake ɗaure kanbas a kai, mai yin firam, maɗaba'a, da kuma wasu masu zane da zai zauna da su su duba aikinsa su gaya masa gaskiya. Ajah ba ta ba ka ko ɗaya daga cikin biyun, wato kusanci da gidajen baje koli ko da waɗannan buƙatu na kullum, yadda ya kamata. Tana da nisan kilomita 20 ko fiye daga Victoria Island, kuma babbar hanyar Lekki zuwa Epe, wadda kusan kowa ya dogara da ita, ta yi suna wajen cunkoso safe da yamma. An tsara yankin ne domin masu mota, ga shi ƙasa ce mai kwari wadda ruwa yake kwanciya a kanta da damina. Wanda ya kama ɗaki a can saboda arha, abin da ya rage a haya zai mayar da shi a kuɗin mota, ya ɗora da awoyin da ya kamata ya yi a gaban kanbas.

Yaba kuwa tsarinta ne ya sa take takuwa da ƙafa. An shata ta tun zamanin Turawa a matsayin unguwar zama, tituna a miƙe suna gittawa juna, layuka gajeru, shaguna a ƙasan gidaje. Ebute Metta ta ma girme ta a wannan tsari, domin a 1867 Gwamna Glover ya yanka filayenta ga mutanen Egba da suka yi hijira daga Abeokuta, kuma har yau za ka ga Titin Kano da Titin Borno da Titin Jebba a jere. A irin wannan shata, idan hanya ɗaya ta toshe akwai ta kusa da ita, kuma kasuwa da masallaci da tashar mota da kantin magani duk sukan faɗo cikin tafiyar minti 15, wato kimanin kilomita ɗaya. Wannan ya ƙara muhimmanci tun 2022, lokacin da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi irin su Lagos Mainland da Surulere da Ikeja, daga baya ta ƙara da Shomolu da Mushin. Wurin da ƙafa ba ta kai ka ba, sai ka jira Keke Napep ko danfo, wato ƙaramar bas ta haya.

Ta fuskar sana'arka, a Yaba ne Kwalejin Fasaha ta Yaba take, wadda aka kafa a 1947, kuma sashenta na zane yana cikin mafi tasiri a ƙasar nan. Marigayi Yusuf Grillo, wanda ya daɗe yana jagorantar sashen, shi ma a Zariya ya yi karatu, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, saboda haka wanda ya fito daga inda ka fito ba baƙo ba ne a wannan da'ira. Kasancewar ɗaliban zane a wurin ita ta jawo masu sayar da kayan aiki da masu yin firam suka taru a kewayen. A Sabo, cikin Yaba, marigayiya Bisi Silva ta kafa cibiyar zanen zamani ta CCA a 2007, da ɗakin karatu na littattafan zane. Jami'ar Legas tana Akoka, kusa da nan. Shomolu kuma ita ce matattarar maɗaba'u a Legas, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga matashi, domin kafin zanensa ya fara ciyar da shi, aikin tsara bangon littafi da fosta da kati ne yakan riƙe shi.

Sai dai tsakiyar Yaba ta yi tsada. Tun da kamfanonin fasahar kwamfuta suka mamaye Titin Herbert Macaulay, ga kuma ɗaliban manyan makarantu da ke neman ɗaki kowace shekara, haya a Sabo da Alagomeji ta wuce aljihun mai fara rayuwa. Don haka ka nemi gefe-gefe: Ebute Metta ta gabas, Fadeyi, Onipanu, da cikin Shomolu. Bariga ta fi su sauƙi, amma wasu sassanta na kusa da ruwa suna fama da ambaliya, haka ma Iwaya. Daga Fadeyi ko Onipanu babbar bas ta haya da ake kira BRT tana bin layinta na musamman a Titin Ikorodu har zuwa tashar CMS da ke tsibirin Legas, daga can kuma Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan da Freedom Park duk tafiyar ƙafa ce. Jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, yana tsayawa a Oyingbo da Yaba da Mushin da Oshodi da Ikeja da Agege. Abu ɗaya da za ka kiyaye a Titin Ikorodu shi ne ka lura da inda gadar masu tafiya da ƙafa take kafin ka zaɓi gida, saboda tsallaka babban titi ta ƙasa laifi ne da ake kama mutane a kansa, kuma gidan da ke daura da tasha amma nesa da gada ya fi yadda ake zato nisa.

Game da Agege, ban raina shawarar abokanka ba. Hausawa sun daɗe a can, akwai Sarkin Hausawa, akwai abincin gida, haya tana da sauƙi, kuma baƙon da ya sauka cikin nasa ba ya kwana da yunwa. Matsalarta nisa ne daga inda aikinka yake, ko da yake jirgin ƙasa ya rage shi. Idan zama cikin 'yan'uwa yana da muhimmanci a gare ka, Idi-Araba ta fi dacewa, domin tana tsakanin Mushin da Surulere, ba ta da nisa da Yaba. Obalende ma akwai jama'armu, ga ta a bakin Ikoyi da Onikan, amma ɗakunanta ƙanana ne, hayaniyarta kuma ba ta ɗaukewa dare da rana. Abin da na fi so shi ne ka sauka wurin wani naka na wata ɗaya ko biyu, ka yi neman gida daga can, maimakon ka aika da kuɗi tun kana Zariya kan ɗakin da ka gani a hoto. Gani ya kori ji, kuma damfarar masu neman haya ta intanet ta yi yawa.

Idan ka je duba ɗaki, ka dube shi da idon mai zane. Wanda ya saba da busasshiyar iskar Zariya ba ya sanin illar laimar Legas sai ya ga takarda ta kumbura ta lanƙwashe, fentin mai ya ƙi bushewa, funfuna ta fito a bayan kanbas ɗin da aka jingina da bango. Saboda haka hawa na ɗaya ko na biyu ya fi ƙasa, kuma ɗaki mai taga biyu a bango daban-daban, inda iska take shiga ta fita, ya fi babban ɗaki mai taga ɗaya. Ka je da rana ka kashe fitila ka ga hasken da ke shigowa, domin a unguwanni masu cunkoso sau da yawa katangar maƙwabci ce a bakin taga. Ka tafi da abin awo ka auna faɗin ƙofa da kwanar matakala, don akwai matakalar da kanbas mai mita ɗaya da rabi ba zai juya a cikinta ba. A waje kuma ka duba gindin katanga: idan akwai wani layi mai duhu da ya zagaye ta, ko ka ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo a gidajen layin gaba ɗaya, ruwa yana shiga. Mai shagon bakin layi zai gaya maka inda ruwan ya kai a watan Yuni da Yuli, abin da dillali ba zai faɗa ba. A tsofaffin gidajen Ebute Metta ka ƙara lura da tsagewar bango da alamar jan fenti ta hukumar kula da gine-gine, domin a watan Mayun 2022 wani bene mai hawa uku ya rufta a Titin Ibadan, aka yi asarar rayuka.

Ka tambayi rukunin wutar da layin yake. A watan Afrilun 2024 an ƙara kuɗin wuta ga rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane yunit. Ga mai aiki da kwamfuta wannan yana iya fin sayen man janareto sauƙi, amma da sharaɗin ɗakin yana da mitarsa mai kati, ba mita ɗaya da gida duka ke rabawa ana rigima a ƙarshen wata ba.

Wajen lissafi, kada ka tsaya a kan kuɗin hayar da aka ambata. A Legas ana ɗora la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya, kowanne bisa al'ada kashi 10 cikin 100 ko da yake wasu suna neman fiye, sannan kuɗin ajiya na gyaran ɓarna, wani wurin har da kuɗin shara da na maigadi. Ka nemi a rubuta maka jimillar kafin ka ce ka amince. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma wajabta ba da rasit, kuma unguwannin da na ambata maka duk suna ƙarƙashinta, sai Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA ne aka keɓe. Dillalai na halal suna da rajista da LASRERA, hukumar jihar mai kula da harkar dillancin gidaje da filaye, kuma kana da damar neman ganin shaidar. Kada ka biya sai ka ga mai gidan ko wakilinsa mai takarda, ka kuma gaya masa tun farko cewa za ka riƙa aikin fenti a ɗakin, a sa shi cikin yarjejeniya. Idan ciki da falo ya fi ƙarfinka kai kaɗai, ka nemi wani mai zane ku haɗa, ku kwana a ciki ku mayar da falon wurin aiki, ku kuma sa sunayenku duka biyu a takardar.