Ƙahon Bature Mai Araha: A Saya ko A Bari?

Tambaya: Malam, ni malamin makaranta ne a unguwar Zariya, Maradi. Muna son kafa ƙungiyar masu busa domin faretin ɗalibai, an kuma nuna mini ƙahonin tagulla masu araha ƙirar Sin da Indiya. Shin za su yi ƙarko?

Amsa: Malam, kada ƙyalli ya ruɗe ka, domin ingancin turumpet, wato ƙahon Bature, yana cikin fistocinta 3 da ake dannawa da yatsu. A masu araha sosai, sau da yawa rufin ƙarfen fistan yakan ɓare, sai ya riƙa maƙalewa, balle ƙurar hunturu ta shiga. Kafin ka biya, ka tafi da wanda ya iya busa, ya danna kowane fistan ya ga ko yana dawowa da kansa, ya zaro ƙaramin bututun gyaran murya na kowane fistan ba tare da ya danna fistan ɗin ba, ya saurari ɗan ƙaran "fot" da ke nuna iska ba ta yoyo, sannan ya duba wuraren da aka yi walda. Wasu ƙirar Sin suna isar mai koyo, amma a ganina tsohuwar turumpet ƙirar kamfanin Yamaha mai lafiya ta fi sabuwa marar suna. Bigila kuwa, da yake ba ta da fistan, mai arahar ma za ta yi muku faretin.