Anti-bairos ya killace manhajar da na saya: in kashe shi ko in sayi wani?

Tambaya: Ina da shagon sayar da kayan masarufi, na kuma sayi manhajar lissafin kaya daga wani matashi da ke rubuta manhajoji. Ina ɗora ta a kwamfuta sai Microsoft Defender, anti-bairos ɗin da ke zuwa da Windows, ya killace ta, ya ce Trojan:Win32/Wacatac.B!ml ce. Mai manhajar ya ce in kashe anti-bairos ɗin kawai, wani abokina kuma ya ce in sayi na kuɗi. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, ban ga dalilin bin ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu ba tukuna. Kashe anti-bairos a kwamfutar da ke riƙe da lissafin shagonka, wadda kuma ake cusa mata filashi iri-iri, ganganci ne. Sayen wani kuma ba zai raba ka da matsalar ba, domin babu kamfanin da ya tsira daga irin wannan kuskure. A ranar 21 ga Afrilu, 2010, wata sabuntawa da kamfanin anti-bairos na McAfee ya fitar ta ɗauki fayil ɗin svchost.exe, wanda Windows XP ba ya aiki sai da shi, a matsayin bairos, kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka riƙa mutuwa suna sake tashi ba ƙaƙƙautawa. A watan Satumba na 2011 anti-bairos ɗin Microsoft ya tuhumi Google Chrome da zama manhajar satar bayanai mai suna Zbot, har ya goge shi daga kwamfutocin mutane. Na kuɗi da na kyauta duk suna yin ƙage lokaci zuwa lokaci.

Dalilin shi ne anti-bairos na yau ba ya jiran sai ya ga bairos ɗin da ya riga ya sani. Yana duba kamannin fayil da ɗabi'unsa da kuma ko mutane da yawa sun taɓa amfani da shi, sannan ya yi hasashe. Harufan nan biyu na ƙarshen sunan da aka nuna maka, wato ml, alama ce ta cewa hukuncin ya fito ne daga hasashen na'ura, ba daga ƙwararren da ya zauna ya tantance fayil ɗin ba. Manhajar da matashi ɗaya ya rubuta, wadda shaguna ƙalilan ne ke amfani da ita, ba ta da sa hannun lantarki da ke tabbatar da wanda ya rubuta ta, wataƙila ma an dunƙule ta da kayan haɗa manhaja irin su PyInstaller ko UPX, waɗanda masu ɓarna su ma suke amfani da su, ta tara duk siffofin da ke jawo zargi. Baƙo ne da ya shigo unguwa ba wanda ya san shi, kuma ba takardar shaida a hannunsa.

Sai dai zargi ba shi ne hukunci ba, haka nan musun mai manhaja ba ya wanke ta. Abu na farko da za ka tabbatar shi ne hanyar da fayil ɗin ya biyo ya iso gare ka. Idan ta filashin da ya zaga kwamfutoci aka kawo shi, ko aka turo shi ta WhatsApp daga hannu zuwa hannu, yana iya yiwuwa manhajar tana da tsabta daga asali amma ta kwaso cuta a hanya. Ka nemi mai ita ya ba ka sabon kwafi kai tsaye, tare da lambar SHA-256 ta fayil ɗin, wato lambar shaida da ke canzawa idan an taɓa ko da ɗan abu a cikinsa. Kai kuma ka buɗe PowerShell, wato manhajar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta Get-FileHash da sunan fayil ɗin, ka kwatanta lambobin biyu. Ko harafi ɗaya ya bambanta, to ba fayil ɗaya ba ne.

Daga nan sai ka ɗora shi a shafin VirusTotal, wanda Google ya saya a 2012, inda ake gwada fayil da anti-bairos kusan 70 a lokaci ɗaya kyauta. A nan ne mutane da yawa suke kuskuren karatu, suna ganin jan rubutu ɗaya sai hankalinsu ya tashi. Idan biyu ko uku ne suka yi ƙorafi, kuma sunayen da suka bayar na gama-gari ne masu ɗauke da Generic ko Heur ko ml, galibi ƙage ne. Idan kuwa talatin ko arba'in suka haɗu, manyan kamfanoni suka ambaci sunan dangin bairos guda, kada ka buɗe fayil ɗin ko da mai shi ya rantse maka. Ka lura cewa duk abin da aka ɗora a VirusTotal masu binciken tsaro na iya samunsa, saboda haka manhajar kaɗai za ka ɗora, ban da fayil ɗin lissafinka ko bayanan abokan cinikinka.

Abin da ya sa nake nanata bincike shi ne abin da ya faru a watan Maris na 2023 da manhajar kiran waya ta kamfanin 3CX. Manhaja ce halastacciya, daga shafin kamfanin aka sauke ta, da sa hannunsa a jikinta. Wasu manhajojin tsaro suka fara ƙorafi a kanta, masu amfani da ita da dama suka ɗauka kuskure ne, suka ba ta izinin wucewa, sai bayan kwanaki aka tabbatar cewa masu kutse sun cusa mata ɓarna tun daga inda ake haɗa ta. Wannan karon mai gadin ne ke da gaskiya.

Idan bincike ya wanke manhajar, ka shiga Windows Security, sashen Protection history, ka dawo da fayil ɗin daga killacewa. Idan sai an keɓe ta daga bincike za ta yi aiki, ka keɓe fayil ɗin nan guda a sashen Exclusions. Kada ka keɓe foldar Downloads, balle rumbun C gaba ɗaya, kamar yadda wasu masu gyara suke yi don su huta da kiran kwastoma. Shi kuwa matashin, nauyin gyara na dindindin a wuyansa yake, tunda ka biya shi. Microsoft na da shafin da masu rubuta manhaja ke tura fayil kyauta a duba a cire masa zargi, sauran manyan kamfanonin ma suna da irinsa. Idan yana son sana'arsa ta girma, ya dace ya sayi takardar sa hannun lantarki ya riƙa sa wa manhajarsa.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu. Mai gyara ya ɗora mini Office da CorelDRAW, amma kullum anti-bairos yana goge wani fayil da yake kira HackTool:Win32/AutoKMS. Shi ma kuskure ne?

Amsa: Hajiya, wannan ba kuskure ba ne. Anti-bairos ya faɗi ainihin abin da fayil ɗin yake, wato kayan fasa lasisi, kuma irin waɗannan kaya na daga cikin manyan hanyoyin da ake bi a shigo da masu satar kalmomin sirri, tunda mai ɗora su da hannunsa yake kashe kariya ya ba su cikakken iko. A shagon da mutane ke kawo takardun makaranta da na banki da katin shaida a buga musu, amanar jama'a ce ake wasa da ita. Idan kuɗin lasisi ya yi nauyi a yanzu, LibreOffice kyauta ne kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel, Inkscape kuma yana ɗaukar wani ɓangare na aikin zane. Manhajar da ita ce ginshiƙin abincinki, ita ce ta cancanci ki tara kuɗi ki sayi lasisinta.

Tambaya: Idan na haɗa anti-bairos biyu, ɗaya zai gyara kuskuren ɗaya?

Amsa: A'a. Biyu masu gadi a lokaci guda suna karo da juna, suna rage wa kwamfuta sauri, wani lokaci ma ɗaya ya killace fayilolin ɗaya, shi ya sa Defender yake janyewa da kansa idan aka ɗora wani. Ka bar guda ɗaya yana gadi kana sabunta shi, idan kana neman ra'ayi na biyu a kan wani fayil sai ka kai shi VirusTotal.