Tambayoyinku: Ruwan Tarwada da Kwalaben Bakteriya

Wani mai kiwon tarwada daga Zariya ya ce: "An tallata mini kwalbar bakteriya, wai in na zuba a tanki na huta da canjin ruwa. In saya?"

Kada ka saya, Malam. Kashin kifi da ragowar abinci ne ke haifar da amoniya, wata guba mai ƙona wurin numfashin kifi. Ƙwayoyin bakteriya da ake kira Nitrosomonas ke mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, sannan irin su Nitrospira su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Ƙwayoyin nan masu rai ne, ba sa jure tsananin zafi. To kwalbar da ta kwana watanni a shago rana na dukanta, takardar jikinta an liƙa da gam, ba ranar lalacewa, me ya rage a ciki? Abin yana ci mini rai: mutum ya ciwo bashi ya sayi buhunan abincin kifi, sannan ya miƙa ragowar jarinsa ga mai sayar da ruwan da ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Ko kwalbar ta gaskiya ce ma, naitiret zai ci gaba da taruwa, canjin ruwa na nan daram.

Maimakon kwalba, ka haɗa gangar tace ruwa: ka cika ganga da tsakuwa ko yankakkun robobi, ruwan tanki ya riƙa ratsawa. Cikin mako 4 zuwa 6 ƙwayoyin za su kafu da kansu. Abin da suke nema iska ce: kowane giram na naitirojin da ke cikin amoniya yana cin kusan giram 4.6 na iskar oksijin. Gara kuɗinka ya tafi ga injin hura iska da kayan gwajin ruwa.

Wani daga Katsina: "In jefa kanwa ruwan ya gyaru?"

Haba! Kanwa na ɗaga pH, wato ma'aunin da ke hawa idan tsamin ruwa ya ragu, amoniya kuma ta fi kisa idan pH ya hau, musamman lokacin zafi.

Wata baiwar Allah daga Kano ta wanke gangar tacewarta da ruwan famfo, yanzu kifinta sun taso sama suna haki, ta kasa barci.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa, abin zai gyaru in sha Allahu. Kulorin, sinadarin da ake tsabtace ruwan famfo da shi, shi ne ya kashe ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin gangar. Ki tsayar da ciyarwa kwana biyu, ki canza kashi ɗaya bisa uku na ruwan da na rijiya, ki ƙara hura iska. Ɗan gishiri yana rage illar naitirait. Nan gaba da ruwan tankin za ki ɗauraye tsakuwar, a hankali, kuma kada ki wanke duka lokaci guda.