Shigar da lissafin ciniki cikin manhajar hasashen buƙatar kaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi a kan sari a Kasuwar Singa da ke Kano. Shekara uku ke nan yaran shagona suna rubuta cinikin kowace rana a Excel. Na so in zuba wannan lissafi cikin wata manhaja mai hasashen yawan kayan da za a nema, sai ta ƙi karɓar fayil ɗin, da ta karɓa daga baya kuma sai ta nuna mini cewa cinikin sukari ba zai tashi ba a watan da azumi zai kama. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Matsala biyu ce ta haɗu a nan, kuma ta farkon ita ce mai sauƙi.

Yawancin irin waɗannan manhajoji suna karɓar fayil nau'in CSV, wanda a cikinsa waƙafi ne ke raba ginshiƙi da ginshiƙi. Abin da suke so shi ne layin farko ya ɗauki sunayen ginshiƙai, sannan kowane layi da ya biyo baya ya ƙunshi kwanan wata, lambar kaya da adadin da aka sayar, ba tare da an cusa jimillar mako ko bayanin bashi a tsakiya ba. A cire alamar naira da waƙafin da ke cikin lambobi, a rubuta 12500 maimakon 12,500. A kuma adana fayil ɗin da tsarin UTF-8, domin in ba haka ba haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, za su iya rikiɗewa su koma alamomin tambaya.

Kwanan wata ne ya fi yawan jawo ƙin karɓa. Mu a Najeriya muna fara rubuta rana kafin wata, Amurkawa kuwa wata suke farawa da shi, don haka 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin manhajar da ke bin tsarin Amurka kuma 4 ga Maris. Mafi muni, ba kullum take yin ƙorafi ba, wani lokaci sai ta karɓa shiru ta rarraba cinikinka a watannin da ba nasa ba. Mafita ita ce a rubuta shekara, wata, rana, kamar 2024-04-03.

Batun sukari shi ne ya fi buƙatar natsuwa. Manhajar tana neman abin da ke maimaituwa ne bisa kalandar Miladiyya, alhali azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A Najeriya an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris a 2023, ranar 11 ga Maris a 2024, sannan ranar 1 ga Maris a 2025. Manhajar da ba a sanar da ita wannan ba za ta ɗauka watan Maris ne ke sa mutane sayen sukari, ta ci gaba da jiran tashin ciniki a Maris bayan azumi ya riga ya koma Fabrairu. Sashen hasashe na Excel, wanda aka ƙara tun fitowar Excel 2016, ba shi da gurbin shigar da irin waɗannan ranaku. Wata manhajar hasashe mai suna Prophet, wadda Facebook ya fitar kyauta a 2017, tana karɓar jadawalin bukukuwa na daban, har ana iya gaya mata kwanaki nawa kafin ranar tasirin ke farawa, abin da ya dace da mai sari irinka, tunda 'yan tireda suna zuwa maka tun kafin a ga wata. Sai dai tana buƙatar wanda ya iya Python ko R, wato harsunan rubuta manhajar kwamfuta. Idan manhajarka tana da wurin ƙara ranaku na musamman, ka shigar da azumi da Sallah ƙarama da babba na duk shekarun uku.

A ganina kuma, kada ka yi hasashe da kuɗi, ka yi da adadin kaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi ya yi ta hawa, saboda haka lissafin naira zai nuna kasuwa tana bunƙasa ko da buhunan da ke fita sun ragu. Ka tsayar da ma'auni ɗaya ga kowane kaya, kada yau a rubuta katan gobe a rubuta dozin.

Akwai abin da yaran shago ba su cika rubutawa ba, wato ranakun da kaya suka yanke. Idan sukari ya ƙare kwana biyar aka rubuta sifili, manhajar za ta fahimci cewa babu mai nema ne, sai ta ba ka shawarar rage sari. Irin waɗannan ranaku gara a bar gurbinsu fanko ko a yi musu alama. Haka ma watannin farko na 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi bayan sauya fasalin naira, idan sun faɗo cikin lissafinka.

Kafin ka sa kuɗinka bisa hasashenta, ka ɓoye mata cinikin wata uku na ƙarshe, ka sa ta hasaso su, sannan ka gwada da abin da ke rubuce a littafinka.