Ƙanena, inda za ka kwana nan za ka raba tikiti

Saƙonka ya same ni, kuma na yi maka murnar samun biza. Allah Ya sanya albarka. Ka ce jirginka zai sauka Frankfurt a Jamus, kana so ka biyo ta wurina a Kolon ka kwana biyu, ka wuce Bayreuth ka yi rajista a jami'a. In an yi hutu kuma ka zaga: ka dawo Kolon, ka je Balin, inda ofishin jakadancinmu yake, saboda fasfonka da zai ƙare, sannan ka koma makaranta. Tambayarka ita ce, ka yanki tikitin jirgin ƙasa guda ɗaya da zai ɗauke duka tun kana Kano, ko ka yi ta yanka ɗaya bayan ɗaya.

Fara cire tsarin tashar Unguwa Uku daga ranka, inda mota ba ta tashi sai ta cika, kuma in ka makara wata na lodi. Tsarin nan Jamus ya fi kama da jirgin Rigasa zuwa Idu da ka taɓa shiga, sai dai a nan kujera ɗaya farashinta kala-kala ne. Kamfanin jiragen Jamus, Deutsche Bahn, yana da tikiti iri uku a jiragen nesa kamar ICE. Flexpreis shi ne mai tsada, amma duk jirgin da ka samu a wannan hanya ranar, naka ne. Sparpreis da Super Sparpreis su ne masu araha, kuma arahar tana da sharaɗi: an ɗaure ka da jirgi ɗaya, na ƙarfe kaza. In ya tashi ya bar ka da laifinka, kuɗin sun tafi. Shi Super Sparpreis ko fasa tafiyar ka yi ana jibi, ba a mayar maka da komai.

Saboda haka ranar saukarka kada ka kuskura ka ɗaure kanka. Ni na yi, shekarar da na zo. Tun ina gida na canza kuɗi a Wapa, na sa aka yankar mini mai araha, na bar tazarar awa ɗaya da rabi ina ganin na yi dabara. Jirgin samanmu ya makara, ga layin duba fasfo, ga jiran kaya. Na iso bakin layin dogo ina jan akwati biyu, hannuna ya sandare don sanyi, allon da ke sama har ya canza zuwa sunan wani gari. Sai da na sake yankar sabo a farashin ranar, daga kuɗin da na ware na abincin makon farko. Ba na so ka fara zamanka da wannan ɓacin ran. Tashar jirgin nesa tana manne da filin jirgin saman, kuma daga nan zuwa Kolon kusan awa ɗaya ce. Ka ɗauki Flexpreis, ko ka bari sai kayanka sun zo hannunka ka yanka. A kan allo Köln za ka gani, tashar da zan jira ka kuma Köln Hbf, wato babbar tashar garin.

Af, ka gaya wa Hajiya kada ta sa maka kilishi ko dambun nama a kaya. Ba a shigo da nama Tarayyar Turai daga waje, ƙwacewa za a yi.

Yanzu maganar zagayen, wadda ita ce ainihin tambayarka. Garuruwan da ke kan hanyarka iri biyu ne: wanda za ka kwana, da wanda za ka sauka kawai ka canza jirgi. Inda za ka kwana, nan tikiti ya ƙare, ka yanki wani daban na ranar tashinka. Inda kuwa canji ne kawai, kada ka raba, ko da ka ga rabawar za ta rage maka Yuro biyar. Bayreuth ba ta da ICE, sai ka ɗauki ƙaramin jirgi na kusan awa ɗaya zuwa Nürnberg. To ka rubuta Bayreuth zuwa Köln kai tsaye a manhajar DB Navigator, ta haɗa maka su a tikiti ɗaya. Amfaninsa sai ranar da jirgin farko ya yi latti na biyu ya tafi. In tikitinka ɗaya ne, ɗaurin ya warware, ka hau na gaba ba tare da ƙarin ko sisi ba. In ka isa inda za ka da lattin minti 60, kana da haƙƙin a mayar maka da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin, in ya kai minti 120 kuma rabi. Amma in da hannunka ka yanki biyu daban-daban, samun wannan haƙƙin yakan zama aiki. Latti kuwa ana yi a nan, duk da labarin da kake ji a gida. Kuma in manhajar ta ba ka minti shida na canji kana ɗauke da kaya, ƙara tazarar, akwai wurin da ake saita ta.

Kenan zagayenka tikiti uku ne: Bayreuth zuwa Kolon, Kolon zuwa Balin wajen awa huɗu da rabi, sai Balin zuwa Bayreuth. Kada ka wahalar da kanka neman na zuwa da dawowa, don ba wani ragi a ciki, kuma kai ba ta hanyar da ka bi za ka koma ba. Biyun farko ka yanke su da wuri a mai araha, tunda ranakun a hannunka suke, kuma farashin hawa yake yi in rana ta matso, musamman Juma'a da Lahadi. Na ukun ne nake so ka bar wa kanka sarari. Aikin takarda a kowane ofishi yana iya cin yini, ko dai ka zaɓi jirgin yamma lis, ko ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai sassauci. Kolon zuwa Balin kuma ka biya kuɗin kujera daban, don tikiti kaɗai ba ya kama maka wurin zama a aji na biyu. Na sha ganin mutane zaune kan akwatinsu a bakin ƙofa tun daga Hannover.

Ka ambaci Deutschlandticket da wani ya ce maka da shi za ka zaga ƙasar duka. Gaskiya ne amma da sauran magana. An fara shi a watan Mayun 2023 a kan Yuro 49 a wata, ya koma 58 a 2025, ya zama 63 a Janairun 2026. Yana aiki a bas, da jiragen cikin gari, da ƙananan jiragen da ke tsayawa tasha-tasha, amma ba ya shiga ICE. Ka hau ICE da shi kaɗai, daidai kake da marar tikiti, tarar kuma daga Yuro 60 take farawa. Sannan biyan wata-wata ne mai sabunta kansa, in ba ka soke kafin 10 ga wata ba za a cire na watan gaba. Da shi za ka iya zuwa Balin daga Kolon, amma canji bayan canji ne, yini guda zai tafi. Don zirga-zirgar yau da kullum ba shi da na biyu. Kafin ka saya dai ka karanta takardar kuɗin zangon karatunka, domin jami'o'i da yawa suna cusa kuɗin sufuri a ciki, kada ka biya sau biyu.

BahnCard 25 kuma, wato katin Deutsche Bahn mai rage kashi ɗaya cikin huɗu har a kan masu arahar, bari sai ka buɗe asusun banki ka ga yawan tafiyarka. Ita ma sabunta kanta take yi.

Turo mini hoton tikitin jirgin samanka in ga lokacin sauka. In da hali ma ni zan zo Frankfurt in tarye ka, mu hau tare, ka ga yadda ake karanta allon da idonka. Ka sa rigar sanyi a jakar hannu, kada ka tura ta cikin akwati. Ka gaida Hajiya da Baba, ka ce ina neman addu'a.