Amsa ga uwar da ke son koyar da 'ya'yanta uku a gida

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da safe na ga tambayarki, sai yanzu na samu natsuwa, don ba irin wadda ake amsawa da layi biyu ba ce. In na fahimce ki, yara uku gare ki, kina so ki cire su daga makarantar boko ki riƙa koyar da su a gida. Babban sai ya ji da kunne yake kamawa, mai bi masa sai ta ga hoto, ƙaramin kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Wata ta ba ki shawarar ki yi musu gwajin gano salon koyon kowa, sannan ki saya wa kowannensu manhaja da littattafansa daban. Abin da ke damunki shi ne kuɗin, da yadda mace ɗaya za ta raba kanta gida uku.

Kada ki sayi manhaja uku. Ki riƙe kuɗinki tukuna, ki saurare ni.

Ni ma uku gare ni, maza biyu da mace a tsakiya, a Kaduna muke. Mun fara karatun gida ne lokacin da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, da aka buɗe kuma ni da babansu muka ga abin ya karɓe su, sai muka ci gaba. Wannan gwajin da aka gaya miki na san shi. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda ake kira VARK, wani tsohon sufeton makarantu a ƙasar New Zealand mai suna Neil Fleming ya fito da shi a 1987. Yana raba masu koyo kashi huɗu: na ido, na kunne, na karatu da rubutu, da na aikatawa da hannu. Ba shi kaɗai ba ne ma. A 2004 wasu masana a Ingila sun zauna sun ƙirga irin waɗannan tsare-tsaren, suka samu har 71, kowanne da yadda yake yanka yara gida-gida. Sai a 2008 wasu masana halayyar ɗan Adam huɗu a Amurka, ƙarƙashin Harold Pashler, suka bi binciken da aka yi a kai, suna neman amsar tambaya ɗaya: in aka koyar da "ɗan kunne" ta kunne, "ɗan ido" ta ido, shin sun fi cin jarrabawa a kan in an musanya musu? Ba su samu hujjar da za a dogara da ita ba. Yara suna da abin da suka fi so, wannan gaskiya ne, amma abin da yaro ya fi so daban, abin da ke sa karatu ya zauna masa daban.

Kafin in ji labarin wannan binciken ma na riga na gani a kan tabarmata. 'Yata tana son zane kamar me, duk bangon ɗakinsu ta gama da shi, kowa ya gan ta zai ce 'yar ido ce. To amma ranar da muka zo bambanta ƙ da k, babu hoton da ya yi mana amfani. Sai da na sa ta rufe ido, ina cewa "kafa, ƙafa, kafa, ƙafa", tana ɗaga hannu in ta ji mai lanƙwasa. Yayanta kuma, da nake ganin ɗan kunne ne saboda yana haddace komai in ya ji sau biyu, na yi ta gaya masa Nijar tana arewa da mu, Kamaru tana gabas, yana maimaitawa tsaf kamar waƙa, amma in ka tambaye shi wacce ta fi kusa da Maiduguri sai ya yi shiru. Da muka shimfiɗa taswira a ƙasa ya ɗora yatsa, shi ke nan. Darasin ne ke zaɓar hanyarsa. Taswira ta ido ce ga kowane yaro, tajwidi na kunne ne ga kowane yaro, alwala da ɗaurin igiyar takalmi kuwa sai an kama da hannu.

Abin da ya sa nake jin tsoron wannan laƙabin shi ne yaro yana ji, kuma yana riƙewa. In kika ce a gabansa "wannan ba ya gane karatu sai an karanta masa", kin ba shi uzurin da zai yi ta kawo miki har ya girma. Ranar jarrabawa kuwa babu mai karanta masa.

Bambancin yara na nan, ba na musu. Amma a ganina a wurare uku yake: abin da yaro ya riga ya sani, saurin da yake tafiya da shi, da tsawon lokacin da zai iya zama kafin hankalinsa ya tashi. A nan ne karatun gida ya fi aji mai yara hamsin ko sittin, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duba makarantar allo. Malam ɗaya, littafi ɗaya, amma wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa yana hadda, kuma ba a wanke wa yaro allo a ɗora masa sabo sai ya biya na jiya daidai. Ba wanda aka ce masa "kai ɗan ido ne". Kowa yana gani a allo, yana ji daga bakin malam, yana rerawa da bakinsa, in ya girma ya rubuta da hannunsa. Wannan tsarin na ɗauko na kawo cikin lissafi da Turanci: ba a ci gaba sai an biya, kuma kullum akwai tilawar baya.

Ga yadda safiyarmu take. Bayan asuba Alƙur'ani, sai karin kumallo da 'yan aikace-aikacen gida. Wajen ƙarfe takwas mu zauna gaba ɗaya a yi abin da ake iya yi tare: tarihi, kimiyya, labarin ƙasa, sira. Tukunya ɗaya nake ɗorawa, malmalar kowa ce ta bambanta. Misali, da muka yi darasin tsiro, wake muka jiƙa muka sa a kwalba da auduga mai laima muka ajiye a taga. Auta aikinsa ya zuba ruwa ya faɗa min da baki abin da ya gani yau. 'Yar tana zana shi kullum ta rubuta sunan saiwa da kara da ganye. Babban yana auna tsawon da rula, ya rubuta a jadawali, sannan ya yi bayani a sakin layi ɗaya me ya sa wani waken da muka rufe a kabad ya fito fari, dogo, ba ƙarfi. Darasi ɗaya ne, shiri ɗaya, kuma kowa ya gani, ya ji, ya taɓa.

Lissafi da koyon karatu su ne ba a haɗawa, don matakala ne, kowa da inda ƙafarsa take. Nan sai bi da bi: ina tare da ɗaya, ɗaya yana aikin da na ba shi, ɗaya yana karanta wa ƙaninsa labari. Kafin azahar mun tashi. Kada ki ɗora wa kanki awa shida irin ta makaranta, wani kaso na wancan lokacin a layi da kiran suna da tsawata wa masu surutu yake tafiya.

Kayan lissafina kuwa ba su ci min ko sisi ba. Tsinken tsintsiya ne a ɗaure goma-goma da roba, da marafan kwalba. Duk yaron da ya kasa gane "aro" a ɗebewa, ki ba shi ɗauri biyar da tsinke biyu, ki ce ya ba ki bakwai. Zai duba biyun nan ya ga ba su isa ba, da kansa zai kwance ɗauri ɗaya. To ya yi aro ke nan, sai ki nuna masa yadda ake rubuta abin da hannunsa ya riga ya yi. Duka ukun da haka suka koya, har da wanda ake ce wa ɗan kunne. Haddar sau kuwa, biyu sau biyu huɗu, ba ta da wata dabara da ta wuce maimaici kaɗan-kaɗan kullum, da tambayar ba-zata a hanyar kasuwa.

Yanzu ƙaraminki. Ba ki faɗi shekarunsa ba, amma in bai wuce biyar ko shida ba, rashin zama wuri ɗaya ba cuta ba ce, yarinta ce. Autana a tsaye ya koyi haruffa. Nakan rubuta su da gawayi a simintin tsakar gida, in kira sauti ya yi tsalle ya dira a kai. Minti goma, ya tafi wasa, ya dawo a sake. Amma a hankali na riƙa ƙara masa zaman tabarma, don zama ma abin koyo ne, kuma zai buƙace shi a masallaci da ɗakin jarrabawa.

Akwai abin da nake so ki fara yi kafin sayen ko da fensir. Ki kai su a duba idonsu da kunnensu. Yarinyar da sai ta matso da fuska kusa da hoto, ko yaron da ya fi son a karanta masa, wani lokaci tabarau kawai suke buƙata. Wanda kuma "ba ya jin magana" mai yiwuwa ne da gaske ba ya ji sosai, musamman in ya sha fama da ciwon kunne mai zubar da ruwa yana ƙarami. Mu nan Kaduna muna da cibiyar ido ta ƙasa da ta kunne, amma babban asibitin garinku ma zai iya wannan gwajin. Sannan ki lura da babban nan naki da kyau. In yaro yana da basira a baki, yana ba da labari tiryan-tiryan, amma ya kai takwas ko tara yana tuntuɓe a kalmomin da ya karanta jiya, yana gudun littafi, to kada a rufe maganar da cewa ɗan kunne ne. Akwai matsalar da ake kira disleksiya, inda haɗa harafi da sautinsa ke yi wa yaro wuya duk da kaifin ƙwaƙwalwarsa. Maganinta koyar da sautin haruffa dalla-dalla, a tsare, da maimaici mai yawa, kuma gara a fara da wuri. Juya b da d kawai ba hujja ba ce a kan ƙaramin yaro, yawancinsu suna yi su daina, mu da muke da b da ɓ da d da ɗ ma aikin ya ninku.

Kan karatu, ni da Hausa na fara musu. Rubutun Hausa abin da aka rubuta shi ake faɗa, yaro in ya san ba, be, bi, bo, bu ya kama hanya, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya ke da murya uku. Dangi sun yi ta cewa za su makara a Turanci. Amma tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi kawai, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Nawa ma da suka iya karatu da harshen da suke mafarki da shi, tsallakawa bai yi wuya ba.

Sai maganar doka da takarda, wadda masu tallar karatun gida ba sa son taɓowa. A Amurka halal ne a duk jihohi 50, a Ingila dokar ilimi ta 1996 ta yarda a ilimantar da yaro a makaranta ko ta wata hanya, a Jamus kuwa an hana. Tamu dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, har da hukunci ga wanda ya ƙi, kuma ba ta tanadi karatun gida ba. Don haka ki shiga da idonki a buɗe. Ki bi manhajar ƙasa ta hukumar NERDC don kada yaranki su yi hannun riga da 'yan ajinsu, ki ajiye littattafan aikinsu da kwanan wata, kuma ki yi magana da wata makaranta mai rajista tun yanzu kan yadda za su zana jarrabawar gama firamare da ta aji uku na sakandare. Jarrabawar gama sakandare kuwa da sauƙi, WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, daga nan sai JAMB. Sai dai wanda zai yi kimiyya yana buƙatar ɗakin gwaji na gaske da malamin da ya san fannin. Shi ya sa babbana ya koma makaranta da ya isa sakandare, sauran biyun kuma suna gida tukuna. Ba dole ba ne hukunci ɗaya ya hau kan su duka.

Kada kuma ki bari gida ya zama musu kurkuku. Nawa suna zuwa Islamiyya da yamma, can suke samun abokai, da faɗa, da shiri, da jiran layi, abubuwan da uwa ba ta iya koyarwa a falo. Ke ma ki nemi rana ɗaya a mako da ba karatu, kuma ki sa babansu ya ɗauki darasi ko da ɗaya ne, don gajiyar uwa ta fi rashin littafi kashe karatun gida.

Shawarata, kada ki cire su a tsakiyar zango. Ki jira dogon hutu ki gwada da littattafan da suke da su yanzu, ki ga yadda jikinki da nasu zai ɗauka. Kafin nan ki ba babban sakin layi ɗaya na Hausa da ɗaya na Turanci wanda bai taɓa gani ba, ya karanta miki a bayyane, ki lura da inda yake tsayawa. Ki dawo ki gaya min abin da kika ji, tare da shekarunsu da ajin kowa, sai in faɗa miki inda zan fara da a ce nawa ne. Allah Ya yi musu albarka, Ya ba ki juriya.