Tambaya da Amsa: Wane Lensi Mai Jawo Nesa Zan Saya da Ɗan Kuɗina?

Assalamu alaikum Malam. Ina da Canon 2000D da lensin da ta zo da shi, 18-55mm. Ina son ɗaukar dawakai a Hawan Daushe, amma daga inda nake tsayawa mahayan sai su fito ƙanana. Mai shago ya nuna mini 75-300mm da 55-250mm, ya ce na farkon ya fi jawowa kuma ya fi araha. Wanne zan ɗauka? — Wani matashi daga Kano

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ɗauki 55-250mm, wanda aka rubuta IS STM a jikinsa. Mai shago bai yi maka ƙarya ba, 300 ta fi 250, amma abin da bai faɗa maka ba ya fi wannan muhimmanci. Shi EF 75-300mm III tsohon ƙira ne, tun 1999, kuma ba shi da IS, wato na'urar da ke danne rawar hannu. Duk lokacin da ka jawo abu daga nesa, rawar hannunka ma jawo ta kake yi. Ga shi idan ka kai shi ƙurewa hoton yakan yi laushi, gefen farin rawani ya riƙa fitar da wani shuɗi-shuɗi. EF-S 55-250mm IS STM kuwa ya fito a 2013, nauyinsa gram 375, ba ya gajiyar da wuya, kuma hotonsa a 250 ya fi na wancan kaifi ko da ka yanke ka ƙara girmansa a kwamfuta.

Kada kuma ka raina 250 ɗin. Faifan da ke karɓar haske a kyamararka ƙarami ne, saboda haka ana ninka lambar sau 1.6: a hannunka 250mm yana ganin abin da 400mm ke gani a manyan kyamarori. Daga bakin taro a Ƙofar Kudu wannan ya isa ka cika hoto da doki ɗaya da mahayinsa.

Sai dai IS hannunka kawai yake riƙewa, ba ya tsayar da doki. Lokacin da aka zo jafi dawakai na sukuwa, sa saurin ɗauka a 1/1000 na sakan. Kuma tunda hawan na kaiwa yamma lis, haske zai riƙa raguwa. Ɗaga ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, zuwa 1600 ba tare da jin tsoro ba. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana iya gyara shi, wanda ya yi dishi-dishi kuwa sai shara.

Malam, barka da aiki. Nikon D3200 gare ni. Na ga AF-P 70-300mm ana ta yabonsa. In saya? — Wata baiwar Allah daga Maraɗi

A'a, 'yar'uwa. Lensin yana da kyau, amma ba ya aiki da D3200, haka D3100 da D5100. Zai ɗauru daram, sai dai ba zai yi fokas ba, wato daidaita hoto ya fito tar, ko da hannu. Na masu D3400, D3500 da D5600 ne. Ke nemi mai AF-S, ko 55-200mm VR ko 55-300mm VR. Ki kula da haruffan nan biyu, VR, domin su ne IS ɗin Nikon. Akwai kuma wani tsohon 70-300mm G mai arahar gaske da aka rubuta AF kawai. Ba shi da injin fokas a cikinsa, kyamararki ma ba ta da shi, sai ki yi ta murɗawa da hannu.

Ina ɗaukar bikin aure a ɗakin taro da dare. Irin wannan lensin zai yi mini? Kuma laifi ne in sayi na hannu? — Mai hoto daga Kaduna

Ba zai yi ba, ɗan'uwa. Duk masu arahar nan ƙofar haskensu na tsukewa zuwa f/5.6 ko f/6.3 idan an jawo (iya girman lambar, iya tsukewar ƙofar), kuma fitilun ɗakin taro ba sa ƙosar da su. Kuɗinka zai fi amfani a 50mm f/1.8, wanda ke shigar da haske kusan ninki 10 na f/5.6. Ba ya jawowa, kai za ka taka ka matsa kusa da amarya.

Na hannu kuwa ba laifi, da yawa daga masu sana'ar nan da shi suka fara. Amma je da kyamararka, kada ka yarda da gwaji a ta mai shago. Cire murfi gaba da baya, haska fitilar waya ta ciki. 'Yar ƙura ba komai ba ce, wanda ya sha hunturu a ƙasar nan ba ya rasa ta. Abin gudu shi ne fumfuna, za ka gan ta kamar yanar gizo-gizo a jikin gilashi. Damshin damina ke kawo ta, tana yaɗuwa, kuma kuɗin wanke ta kan kusa kuɗin lensin. Murɗa zum daga farko har ƙarshe ka ji ko yana cijewa. Sannan ka ɗauki rubutun wani allo daga nesa, ka buɗe hoton sosai ka duba ko gefen hagu da na dama kaifinsu ɗaya. Idan ɗaya ya fi, lensin ya taɓa faɗuwa. In ka kai gida, ajiye shi a mazubi mai rufuwa ruf tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse damshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.